DAKTA PERCY JULIAN: JIKAN BAYI DA YA FITAR DA MAGANI DAGA WAKE

Cikin masanan da duniya ke cin moriyar aikinsu ba tare da ta san sunansu ba, akwai wani baƙar fata ɗan Amurka, Dakta Percy Lavon Julian. Da wuya a shiga kemis a Birnin Kudu ko Gwaram a rasa maganin da ke da dangantaka da aikinsa, kamar man shafawa na ƙaiƙayi, da wasu magungunan asma, da allurar kumburi, da ƙwayoyin tazarar haihuwa. Dukansu 'yan gida ɗaya ne, gidan da masana ke kira sitiroyid. Sa'ad da aka fara gano su sun fi zinariya tsada, shi kuwa yana cikin mutane kaɗan da suka sa talaka ya iya sayensu. Mun zaɓi tarihinsa domin ɗalibi ne da aka sha rufe wa ƙofa bai koma gida ba, kuma domin aikinsa zai nuna mana yadda jikinmu ke tafiyar da kansa, da dalilin da ya sa ba a wasa da irin waɗannan magunguna.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi ran 11 ga Afrilu, 1899, a garin Montgomery cikin jihar Alabama, a kudancin Amurka. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya shida. Mahaifinsa, James Julian, ma'aikacin gidan waya ne mai rarraba wasiƙu cikin jirgin ƙasa, mahaifiyarsa Elizabeth kuwa malamar makaranta ce. Kakanninsa bayi ne. A gidansu ana ba da labarin kakansa wanda aka yanke wa yatsu biyu don ya koyi rubutu yana bawa. An hana bauta a Amurka tun 1865, amma dokokin wariya suka maye gurbinta. Makarantun gwamnati na yaran baƙar fata a garinsu ba su wuce aji takwas ba, sai ya shiga makarantar horon malamai ta baƙar fata, ya gama a 1916.

A wannan shekara ya sami shiga Jami'ar DePauw, wadda Ikkilisiyar Methodist ta kafa a jihar Indiyana. Da aka duba iliminsa sai aka ga da giɓi, aka sa shi ya riƙa haɗa darussan sakandare da na jami'a lokaci ɗaya. Ba a ba shi wuri a ɗakin kwanan ɗalibai ba saboda launin fatarsa. Ya sami ɗan ɗaki a ƙarƙashin rufin wani gidan ɗalibai turawa, yana hura musu wutar ɗumama gida, yana kai musu abinci, a bakin kuɗin haya. A 1920, yaron nan da aka karɓa a matsayin na baya shi ne ya zo na ɗaya a ajinsu.

Ya koyar da kimiyyar sinadarai shekara biyu a Jami'ar Fisk, sa'an nan ya tafi Harvard ya sami digiri na biyu a 1923. A nan aka hana shi aikin koyarwar da zai ba shi damar ci gaba, don ana tsoron ɗalibai turawa ba za su yarda baƙar fata ya koya musu ba. Ya koma koyarwa a makarantun baƙar fata har 1929, sa'ad da Gidauniyar Rockefeller ta biya masa kuɗin tafiya Biyana, babban birnin Ostiriya. Can ya zauna ƙarƙashin Farfesa Ernst Späth, gwanin sinadaran tsirrai, ya koyi Jamusanci sosai, ya sami digirin dakta a 1931. Wani hani ga Allah baiwa ne, gama ilimin tsirrai da Jamusancin da ya samo a Biyana su ne suka buɗe masa hanya daga baya.

Waken Kalaba

Babban aikinsa na farko ya shafi wani tsiro na ƙasarmu Nijeriya. A Kalaba akwai wani wake mai dafi da mutanen Efik ke kira esere. A dā suna ba wanda ake zargi da maita ya sha, kamar yadda ake shan gwaska a ƙasar Hausa: in ya yi amai ya tsira, in ya mutu a ce laifinsa ne ya kama shi. Wannan al'ada tana cikin abubuwan da Mary Slessor ta yi fama da su bayan ta iso Kalaba a 1876. 'Yan mishan na Sikotlan ne suka aika da waken zuwa Edinbara, kuma a 1864 masana suka ware sinadarin da ke cikinsa, aka sa masa suna fisostigmin. Ba da jimawa ba aka gane cewa in an ɗiga kaɗan a ido yana rage hawan jinin ido, ciwon nan da ke makantar da mutum a hankali.

Saninsa cikin wake daban, haɗa shi a ɗakin gwaje-gwaje daban. Wani shahararren masani na Jami'ar Oxford a Ingila, Robert Robinson, ya daɗe yana wannan nema. Julian ya koma DePauw a 1932, shi da abokinsa Josef Pikl wanda suka yi karatu tare a Biyana, suka shiga tseren. Suna gab da gamawa sai Robinson ya buga sakamakon da ya saɓa da nasu. Julian ya sake duba aikinsa, ya tabbata, ya buga a fili cewa babban malamin ne ya yi kuskure. Da shi ne ya kuskure, da sunansa ya ɓaci har abada. A 1935 suka kammala, aka gwada abin da suka haɗa da wanda aka ciro daga wake, aka ga suna narkewa a zafi ɗaya daidai. Yau an sami wasu magungunan ido da suka fi shi, amma wannan aiki ne ya sa masana suka san Julian.

Duk da haka DePauw ba ta ba shi kujerar farfesa ba. Wani babban kamfani ya ɗauki Pikl ya bar shi. Wata cibiyar bincike a garin Appleton ta so ɗaukarsa, sai aka tuna cewa garin ba ya barin baƙar fata ya kwana cikinsa. Amma ya fito daga aikin waken da wani abu da bai nema ba. Wata rana ya ga wasu 'yan ƙwayoyi farare kamar gishiri sun kwanta cikin man waken Kalaba da ya ajiye. Sinadari ne mai suna sitigmasterol. Don mu gane darajarsa, sai mun dakata mun duba jikinmu.

'Yan aiken jiki

Jikin mutum gari ne babba, gidajensa kuwa su ne ƙananan ƙwayoyin jiki waɗanda ido ba ya gani. Gari ba ya zama lafiya sai da aike. Jiki yana da 'yan aike da ake kira homon: wani sashe ya haɗa su ya zuba cikin jini, jini ya kai su inda aka nufa.

Wasu daga cikinsu da wani irin kitse ake yin su, wato kolestarol, wanda mukan ji sunansa a asibiti kamar mugun abu, alhali ba mai rayuwa sai da shi. Harsashinsa zobe huɗu ne a ƙulle da juna, uku masu kusurwa shida, ɗaya mai kusurwa biyar. A kan wannan harsashi ɗaya jiki ke gina 'yan aike dabam-dabam, ya ƙara ɗan abu nan, ya cire can. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan nama kamar hula. Shi ke yin kotizol, wanda ke ƙara suga cikin jini lokacin wahala ko yunwa, ya riƙe ƙarfin jini, ya kwantar da kumburi. Yakan fi yawa da sassafe. Shi ne kuma ke yin aldosteron, mai hana gishiri da ruwa zubewa cikin fitsari, wanda ke tsare mu a zafin bazara. Marainan namiji suna yin testosteron, mai buɗe murya da fito da gemu. Gidan ƙwan mace yana yin estrojin, mai kawo balagar 'ya mace, da furojesteron, mai shirya mahaifa ya riƙe ciki.

To, yaya suke isar da saƙo? Mu ɗauki misalin gidan Bahaushe. Katangar ƙwayar jiki da kitse aka yi ta, saboda haka ɗan aiken da aka yi da kitse kamar ɗan gida yake, ba ya tsayawa a zaure. Yakan ratsa katanga ya shiga, ya tarar da mai karɓar saƙon da aka yi dominsa shi kaɗai, su biyu su zauna cikin turaka, wato cibiyar ƙwayar, inda littafin gado yake. A nan sukan sa a buɗe wani shafi a yi aiki da shi, ko a rufe wani. Shi ya sa aikinsu ba ya bayyana sai bayan sa'o'i ko kwanaki, in ya bayyana kuwa yakan daɗe. Ƙwayar da ba ta da mai karɓa, ɗan aike yakan wuce ta. Wani masani na Jami'ar Shikago, Elwood Jensen, shi ya fara nuna wannan game da estrojin a 1958.

Bitamin D ma ɗan wannan dangi ne. Cikin fatarmu akwai wani ɗan'uwan kolestarol, wanda in hasken rana ya taɓa shi sai zobe ɗaya cikin huɗun ya ɓalle. Daga nan hanta ta yi masa gyara na farko, ƙoda ta yi na biyu, ya zama cikakken ɗan aike. Saƙonsa ga hanji shi ne ya tsotsi kalsiyam daga abinci, don a gina ƙashi. Yaron da ya rasa wannan, ƙashinsa yakan yi taushi, ƙafafu su lanƙwashe su zama gwame ko ƙafar baka. Mu nan rana ba ta yi mana ƙaranci ba. Wani bincike da aka yi a Jos kan yara 123, aka buga a 1999, ya nuna cewa yaran sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Wato ɗan aike ya isa, amma kayan ginin ne babu. Nono, da madara, da miyar kuka, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, duk suna ba da kalsiyam.

Akwai kuma wasu 'yan aike, masu sa girma, waɗanda da furotin aka yi su. Su baƙi ne, ba sa ratsa katanga. Sukan tsaya a zaure su yi sallama, mai karɓa da ke bakin ƙofa ya miƙa saƙon ciki, hannu zuwa hannu, har ya kai turaka. Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen sun sami kyautar Nobel a 1986 saboda gano wasu daga cikinsu. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan nama kamar ƙwayar wake, mai fitar da homon na girma, musamman cikin barci mai nauyi. Shi ke sa hanta ta yi wani mai suna IGF-1, wanda ke sa guringuntsin da ke ƙarshen dogayen ƙasusuwa ya ƙaru. A ƙarshen balaga estrojin yakan rufe wannan guringuntsi, ga mace da namiji duka, tsawo ya tsaya. Ashe ɗalibin da ya shigo aji ɗaya ƙarami ya fita aji shida dogo, dukan 'yan aiken nan ne suka yi aiki tare a ƙashinsa.

Waken suya

A shekarun 1930 samun waɗannan homon aiki ne ja. A 1935 masana a Holan sun sarrafa kilo 100 na marainan bijimai kafin su sami miligiram 10 na testosteron. Julian ya san cewa sitigmasterol na tsiro yana da zoben nan huɗu, kuma masanan Jamus sun riga sun nuna ana iya juya shi ya zama furojesteron. Abin da ya rage shi ne a same shi da yawa.

A 1936 kamfanin fenti na Glidden ya ɗauke shi shugaban bincike na sashensa na waken suya da ke Shikago, irin wanda muke yin awara da shi. Kamfanin ya sayo injuna daga Jamus, yana kuma bukatar wanda ya iya harshen. Watanni kaɗan kafin nan ya auri Anna Johnson, wadda ita ma ta sami digirin dakta a 1937. Ya fara da fitar da furotin na waken don gyaran takarda. Daga wannan furotin aka yi wata kumfa ta kashe gobarar mai, wadda sojan ruwan Amurka suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1939 aka kira shi cikin tashin hankali: ruwa ya yoyo cikin wani tanki mai galan 100,000 na man waken suya, wani farin abu ya kwanta a ƙasa, ana ganin man ya lalace. Da ya duba sai ya gane abin nan ne da ya gani cikin man waken Kalaba. Abin da wasu suka ɗauka hasara, shi ya ga hanya. Ya tsara yadda za a riƙa ware shi da yawa a masana'anta. A 1940 ya aika wa kamfanin Upjohn da furojesteron wanda bai kai rabin kilo ba, kuɗinsa ya haura dala 60,000, cikin mota mai sulke. A lokacin ya ninka zinariya tsada fiye da sau 100. Likitocin zamanin suna ba da shi ga mata masu yawan ɓari. Wani masani, Russell Marker, yana irin wannan aiki da doyar daji a Meziko, kuma tsakanin wake da doya farashi ya yi ta faɗuwa. Kada wani ya tsorata da awara: jikin mutum ba ya iya juya sitigmasterol ya zama homon, a masana'anta kaɗai ake yin haka.

A 1949 likitocin asibitin Mayo suka sanar cewa kotizon, ɗan'uwan kotizol, ya ta da masu amosanin gaɓɓai daga gado sun yi tafiya. Amma daga ruwan matsarmamar shanu ake yin sa, ta matakai fiye da 30, giram ɗaya kusan dala 200. A wannan shekara Julian ya fito da hanyar haɗa wani sinadari da ake kira S, wanda ƙwayar iskar oksijin ɗaya tak ta raba shi da kotizol. Bayan 'yan shekaru wasu masana suka gano funfunar da ke iya ɗora wannan ƙwaya ɗaya a inda ake so. Cikin shekarun 1950 farashin ya faɗo zuwa 'yan daloli kaɗan.

Wuta da nakiya

Suna bai kare shi daga wariya ba. A 1950, shekarar da wata jaridar Shikago ta zaɓe shi gwarzon birnin, ya sayi gida a unguwar turawa ta Oak Park. Kafin su tare aka yi ƙoƙarin ƙona gidan da fetur. A watan Yuni na 1951 aka jefa masa nakiya. Ya ƙi tashi. Yakan kwana gadi da bindiga a kan bishiyar ƙofar gida, ɗansa a gefensa. Wasu maƙwabta suka kafa ƙungiya suka tsaya masa, iyalin suka zauna.

Ya bar Glidden a ƙarshen 1953 ya kafa kamfaninsa, Julian Laboratories, inda ya ɗauki masana baƙar fata da mata waɗanda wasu ke ƙi. A 1961 ya sayar da shi kan dala miliyan 2.3, ya ci gaba da bincike, yana tallafa wa masu neman 'yancin baƙar fata da dukiyarsa. Ya mallaki takardun ƙirƙira fiye da 130. A 1973 aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka, baƙar fata na farko a fanninsa. Ya rasu ran 19 ga Afrilu, 1975, da ciwon dajin hanta, yana da shekara 76. A 1993 Amurka ta buga kan sarki mai hotonsa.

Abin da ya rage gare mu

Yau jikokin waɗannan magunguna suna ceton rai. Ana yi wa mace mai naƙuda kafin lokaci allurarsu don huhun bakwaini ya yi ƙwari. A 2020 bincike a Ingila ya nuna cewa deksametazon ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan injin numfashi. Amma zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Arahar da Julian ya yi wa wahala ita ce ta kai su tiren masu talla a kasuwannin ƙauye.

Wasu 'yan mata suna shan deksametazon don su yi ƙiba. Fuska da ciki su kumbura, hannu da ƙafa su rame, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, tarin fuka da ke kwance ya sami hanya. Ga yaro mai tasowa kuwa, maganin yana hana hanji tsotsar kalsiyam, yana kuma danne masu sa girma, tsawo ya tsaya, shekarun da suka wuce ba sa dawowa. Mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke sa fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, makero ya bazu. Maganin ɗigawa a ido mai sitiroyid, in an daɗe ana sa shi ba da sanin likita ba, yana iya jawo hawan jinin ido, ciwon da Julian ya fara yaƙa.

Akwai wani haɗarin kuma. In jiki ya ga ɗan aike yana ta zuwa daga waje, naman nan na saman ƙoda yakan daina aikinsa. Wanda ya yi makonni yana sha, in ya bari farat ɗaya, jininsa na iya faɗuwa ya suma, har ya mutu. Saboda haka duk wanda ya san yana sha, ko ƙanwarsa, ko abokiyar ɗakinsa, kada ya ci gaba a ɓoye, kada kuma ya yanke da kansa. A tafi asibitin tarayya na Birnin Kudu ko wanda ya fi kusa, a riƙe kwalin maganin a nuna wa likita, shi zai rage shi kaɗan-kaɗan.

Ɗalibai, wanda ya shigo makarantar nan daga ƙauye yana ganin kansa a baya, ya tuna Julian ma da darussan cike giɓi ya fara. Wadda ke neman canza fatarta, ta tuna cewa mutumin da ya taimaka aka sami abin da ke cikin man nan an hana shi ɗaki da aiki da unguwa saboda tasa fatar, ya riƙe ta har ƙarshe yana aikinsa. Ku ci abinci mai gina jiki, ku yi barci a kan lokaci, ku bar magani a hannun likita. Allah ya sa cikinku a sami wanda zai duba waken gonakinmu da irin wannan ido.